Wanda Zai Riƙe wa Inna Mai-guga Awaki

Jama'a, a gyara zama. Mai hula ya daidaita hularsa, mai tauna ya dakata da tauna. Yau za a gabatar muku da Babbar Kwamandar awaki shida, Ministar kaji da agwagi, Shugabar Hukumar Zomaye ta Bayan Gida, wadda ba ta taɓa tsayawa zaɓe ba, kuma ba a taɓa yi mata juyin mulki ba: Inna Mai-guga, ta gida na ƙarshe a layinmu, mai shuɗiyar ƙofar ƙarfen nan da ba ta rufuwa sai an haɗa mata da gwiwa. Faɗin ƙasar da take mulki taku goma sha huɗu ne a tsaye, tara a kwance. Amma a cikin wannan ɗan fili, ko kaza ba ta yin tari ba da saninta ba.

To, raha ta ƙare a nan, don labarin ba na dariya ba ne sosai.

Sunan Mai-guga ya samo asali ne daga asibiti. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin wanki da guga na wani babban asibiti, can ƙarshen gini, inda ba likitan da ke taka ƙafa. Zannuwan gado, rigunan tiyata, tawul, labule, duk ta hannunta suke bi. Tururi ya dafa mata fatar hannu har ta zama kamar ta tsohuwar jaka, kuma har gobe idan ta shimfiɗa zane a igiya sai ta bi shi da tafin hannu sau biyu. Ba ta taɓa riƙe allura ba, amma ta san ciwo ta hanyar da likitoci ba su sani ba. Ta kan ce zanen da ya zo mata da ƙazanta bai taɓa tayar mata da hankali ba, don mai shi yana ci yana sha, jikinsa yana aiki. Wanda take tsoro shi ne zanen da ya kwana biyu a ƙarƙashin mutum ya dawo tas, ko jiƙewa bai yi ba.

Da ta ajiye aiki, maigidanta ya riga ya rasu, 'yarta ɗaya tilo kuma tana aure a wata ƙasa mai nisa. Sai ta sayi akuya guda don gida ya riƙa yin motsi. Akuya ta haihu, kaji suka biyo, wani ya ba ta agwagwa, zomaye kuwa ba wanda ya san lokacin da suka zama gari guda. Tun daga nan rayuwarta ta koma bayan gida. Kafin rana ta fito ta share, ta wanke bahon ruwa da soso kamar ita za ta sha a ciki, ta zuba harawa, sai awaki sun ci sun lafa sannan ta kawo dusa, gwangwani biyu a shafe. Kuma duk abin da take yi, faɗa take yi da ƙarfi, tana yi wa awakin bayani kamar sabbin ma'aikata. Shekara goma sha biyu ba ta kwana a wani gida ba. Ko taron dangi ta je, da rana ta karkata za ka ga ta fara neman takalmanta.

Akwai dalili. A shekarunta na farko da kiwo ta taɓa yin tafiyar kwana biyu, ta bar gidan a hannun wata 'yar'uwar maigidanta, mace mai kirki da taushin zuciya. Awaki suka yi mata kuka, ita kuma ta kasa jurewa, ta kwance musu bakin buhun dusa ta ce su ci su ƙoshi, ai marayu ne yau. Da Inna ta dawo ta tarar da uku a kwance, ciki ya kumbura kamar ganga, ƙafafu a sandare. Ba ta yi wa matar faɗa ba. Sai dai tun daga ranar ta kan ce, "Ni ba ɓarawo nake tsoro ba. Ɓarawo ɗaya zai ɗauka. Mai tausayi nake tsoro."

Wata Talata da hantsi, tana cikin yanka wa zomaye ganye, wayarta ta yi ƙara a cikin aljihun zane. Ɗan ƙaninta ne, daga garin da ƙanin nata yake zaune, tafiyar yini guda cur a mota. Wannan ƙanin shi ne autansu, kuma Auta kowa ke ce masa har ya yi furfura. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, Inna tana da shekara goma sha ɗaya. A bayanta ya koyi barci, a hannunta ya koyi tafiya, kuma ita ta fara yi masa aski da reza har ta yanke shi a bayan kunne, tabon yana nan.

"Gwaggo, Baba ne. Yana asibiti tun makon jiya. Ya hana a gaya miki."

"Yana cin abinci?"

"Kaɗan-kaɗan. Jiya dai bai ci ba. Amma da sauƙi, Gwaggo, likita ya ce..."

"Bar likita. Yaushe aka canja masa zanen gado?"

Yaron ya yi mamakin tambayar. Ya ce, "Shekaranjiya, ina jin. Ai bai ɓata shi ba, yana nan fes."

Inna ta ajiye wuƙar a hankali a kan ganyen. Ta ce, "Yana magana?"

"Yana yi. Ke yake ta tambaya. Yaya ta zo? Yaya ta zo?"

"Ka ce masa ina hanya."

Ba ta kan hanya. Tana tsaye ne a tsakiyar awaki shida, ɗaya daga cikinsu, ja, da tsohon ciki. Ta shiga ɗaki ta haɗa kaya a jaka cikin minti goma, ta ajiye jakar a bakin ƙofa. Abin da ya rage shi ne hannun da za ta damƙa wa makulli.

Mutane ba su ƙi ta ba, kada a yi wa layinmu sharri. Kafin azahar labari ya zaga, kowa yana cewa a bar masa. Amma Inna tana da jarrabawa, kuma tambaya ɗaya ce tak. Za ta shigar da kai bayan gida, ta tsaya gefe ta naɗe hannu, ba za ta ce maka uffan ba. Idan kun fito sai ta ce, "Me ka gani?"

Maman 'yan-biyu, wadda ke haya a gidan da ke kallon nata, ita ta fara shiga. Ta fito tana tafa hannu.

"Kai, Inna, tubarkalla! Awaki shida, kaji kamar ashirin. Amma wallahi sun ban tausayi, ji yadda suke kallona. Yunwa suke ji ko?"

"Na gode, 'yar nan," in ji Inna. "Gaida yara."

Mai kantin kan kwana ya ga cewa katangar tana bukatar kwalba a sama saboda ɓarayi. Wani mai gadin makaranta ya ga komai lafiya lau. Mai ba ku wannan labari ma ya gwada sa'arsa, ya ce ya ga zakara yana bin kaza, aka nuna masa ƙofa da haɓa. Mahaucin layi kuwa, da ya shiga, bai ɓata lokaci ba. Ya dafa bayan wannan, ya matsa cinyar waccan, ya fito yana goge hannu a riga.

"Inna, ni gaskiya nama na gani. In kina so ki huta gaba ɗaya, yau ɗin nan zan kwashe su, ki tafi hankalinki kwance."

"Har mai cikin?"

"Wace ce mai ciki?"

Inna ta kalle shi tun daga hula har takalmi, ta ce ya je za ta neme shi.

Abin da take so a gani ba ɓoyayye ba ne. Jar akuyar ta ware kanta daga sauran, ta tsaya a lungu ta bai wa kowa baya. Hantsarta ta cika ta yi tauri, kwiɓinta ya faɗa, ta bar tuƙa, tana tonon ƙasa da ƙafar gaba. Haihuwa ce ta matso, kuma haihuwarta ta bara da ƙyar aka ciro ɗan. Duk wanda ya shiga wurin bai ga wannan ba, a ganin Inna, ko shekara ya yi yana zuba dusa bai san abin da yake yi ba.

Talata ta wuce a haka. Motar da ke zuwa garin Auta sau ɗaya take tashi a rana, da sassafe. Ranar Laraba ta tashi ba Inna a ciki.

Wajen ƙarfe goma ɗan ƙanin ya sake kira. Wannan karon muryarsa ba ladabi sosai a cikinta.

"Gwaggo, kina ina? Na ce masa kina hanya tun jiya. Ya ƙi yarda a juya shi ya kalli bango, wai kada ki shigo bai gan ki ba."

"Ina zuwa. Ban samu wanda zan bar wa dabbobi ba ne."

"Dabbobi? Gwaggo, dabbobi fa kika ce? Baba ne fa!"

Inna ta sauke wayar daga kunne. Ta san yaron yana da gaskiya. Ta kuma san cewa in ta juya baya ta bar rai talatin da wani abu a hannun wanda bai iya gani ba, ba za ta iya zama a gaban gadon Auta da zuciya ɗaya ba. Ta kife daro ta zauna a kai, wayar a cinyarta. Sau biyu ta lalubo lambar mahauci. Sau biyu ta kalli jar akuyar ta fasa. A karo na uku ta sa yatsa a kan madannin.

Sai ga murya daga bayan katanga.

"Katanga! Ki gaya wa mai awaki, in ba za ta duba jar nan ba, ta ba ni izini in toshe kunnena. Tun jiya da la'asar take gurnani ƙasa-ƙasa tana tonon gindinki. Ko kukan ƙarfe sha biyun da ta saba damuna da shi ba ta yi ba. Haihuwa za ta yi, gobe ko jibi, in mai ita ba ta sani ba."

Dole a tsaya a nan a yi bayanin mai muryar. Kafinta ne, dattijo, dogo, siriri kamar katakon da yake yanka. Shagonsa yana jingine da katangar bayan gidan Inna, ƙofarsa tana kallon ɗaya layin. Shekara tara rabon da su gaisa da Inna. Matarsa ta dasa ɗan itacen lemo a gefen shagon watanni kaɗan kafin ta rasu, shi kuma ya riƙa ba shi ruwa kullum da butar alwalarsa. Wata rana akuyar Inna ta tsinke ta zagaya, ta cinye shi har ƙasa. Inna ta je ba da haƙuri, kuma da ta tsaya a haƙurin da an wuce wurin. Sai bakinta ya ƙara da cewa, "Ai itace ne, Malam, a dasa wani." Kafinta ya dube ta, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Tun daga ranar bai sake yi mata magana kai tsaye ba. In yana da ƙorafi, katanga yake gaya wa. Ita kuma in za ta rama, akuya take gaya wa: "Ke, gaya wa mai guduma mutane suna da kai, ba dutse suka ɗora a wuya ba." Har suna ya raɗa wa awakin, kowace da laifinta. Akwai Ɓarauniya, akwai Mai-tari, akwai Lauya, wadda ba a yi mata tsawa ba ta mayar da martani ba.

Inna tana nan zaune a kan daron. Muryar ta ci gaba, ana jin zarto yana tafiya a ƙarƙashinta.

"Kuma katanga, tunda an fara, ki ƙara mata da cewa agwagwarta mai baƙin wuya, wadda take ta zargin yaran layi sun sace, tana nan ƙarƙashin katakona. Ta rariya ta shigo. Yau kwana goma sha shida tana kwanci a kan ƙwai tara. Ƙofar mutane nake son haɗawa, katakon da nake bukata yana kanta, na kasa ɗagawa."

Inna ta miƙe. Ta ajiye wayar a kan daron, ta shiga ɗaki ta yafa mayafi, ta fita ta ƙofar gida. Daga ƙofarta zuwa ƙofar shagon, in an zagaya ta kan kwana, bai fi tafiyar minti uku ba. Mutanen layi suka bi ta da kallo, don an san shekarun da ta yi ba ta bi ta wannan kwanar ba.

Shagon ɗan ƙarami ne, rufin kwano, garin katako har idon sawu. Ƙofofi marasa fenti a jingine, kujera mai ƙafa uku tana jiran ta huɗu, gwangwanayen ƙusa a jere bisa tsayi. Can lungu, ƙarƙashin tarin katako, ga agwagwar a lafe tana huci. A gabanta an ajiye murfin bokitin fenti da ruwa a ciki. Inna ta durƙusa ta duba ruwan. Sabo ne, murfin kuma a wanke.

Ta miƙe ta yi sallama. Kafinta ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Malam, wurinka na zo. Ba wurin katanga ba."

Zarton ya tsaya.

"Ƙanina ne ba lafiya. Wanda na goya. Ina jin ba zai tashi ba." Ta gyara mayafi. "Kwana biyu ke nan ina neman wanda zan bar wa dabbobin nan. Ban samu ba."

"Na ji. Duk wanda kika kora, ta nan nake jin fitarsa."

"To ga ni."

Kafinta ya ajiye zarton a kan benci, ya kakkaɓe hannu. Sannan ya ce, "Kwana biyu. Ɗan'uwanki yana kwance yana kiranki, ke kina nan kina yi wa mutane jarrabawa."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ni na sani." Bai ƙara bayani ba, ita ma ba ta nema ba. Duk layin an san cewa ranar da matarsa ta cika, yana kasuwar katako yana zaɓen katako mai kyau wanda bai da ido ko tsaga.

Ya miƙa hannu. "Kawo makullin."

Ta kwance shi daga bakin zane, amma ba ta sake shi nan take ba. Ta ce, "Da safe, kafin komai, sai an wanke..."

"Bahon ruwa, da soso. Sannan harawa. Sai sun lafa a kawo dusa, gwangwani biyu a shafe, ba tozo. Mai-tari a ɗaure ta dabam don sauran suna ture ta. Zomaye ba a ba su jiƙaƙƙen ganye. Kaji a rufe akurki kafin duhu, a ƙirga, a sa dutse a ƙofar." Ya ɗago ya dube ta, karo na farko cikin shekara tara. "Baiwar Allah, kullum da asuba sai kin faɗa wa awakin nan wannan karatun da ƙarfi kamar kurame. Su ba su haddace ba, ni na haddace."

"In suka yi maka kuka fa?"

"Su yi. Ni ba tausayinsu nake ji ba."

Nan Inna ta saki makullin.

"Ja kuma, in abin ya zo da gardama..."

"Na taɓa karɓar haihuwar akuya a gidan ubana, ba sau ɗaya ba. Abin da na iya zan yi. Abin da ya fi ƙarfina ba zan ɓoye miki ba." Ya jefa makullin a aljihun gaba. "Kuma ki sani, maganar lemo tana nan. Ban yafe ba. Wannan dabam, waccan dabam."

"Na yarda," in ji Inna.

Ranar Alhamis, gari bai gama wayewa ba, tana tasha. Ta samu kujerar baya, kusa da taga, jaka a cinya. Yini guda mota tana tafiya tana tsayawa, ana sauke wannan ana ɗaukar wancan. Ba ta ci komai ba sai ruwa. Sau uku ta ciro waya za ta kira ɗan ƙaninta, sau uku ta mayar, don tana tsoron abin da za a gaya mata alhali ba ta da ikon ƙara wa motar gudu.

Rana tana gab da faɗuwa ta shiga asibitin. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Asibitoci duk kusan gini ɗaya ne, kuma hancinta ya san warin kowane sashe. Ɗakin maza, gado na biyar daga ƙofa. Matar Auta tana zaune a kan tabarma a ƙasa, ta miƙe da ganinta ta riƙe ta.

"Yaya, kin zo."

"Na zo. Yana nan?"

"Yana nan." Matar ta share ido da gefen mayafi. "Amma tun jiya da azahar bai sake magana ba. Har zuwa lokacin ke yake kira. Daga baya ya ce a bar shi haka yana kallon ƙofa, sai ya yi shiru."

Jiya da azahar. Inna ta lissafa a zuciyarta, ba ta so ba amma ta lissafa. Da ta hau motar Laraba ma ba za ta riski maganarsa ba. Da ta kwana a tasha ranar Talata ta nemi ko motar kaya ce, wataƙila. Wataƙila.

Auta ya ƙanƙance a cikin gadon har ya koma kamar yaron da ta sani. Idanunsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe, numfashi yana fita da tazara. Fuskarsa tana kallon ƙofa. Ɗan nasa yana tsaye a gefe, ya gaishe ta a taƙaice ya kau da kai. Ba ta ga laifinsa ba.

Ta ja kujera ta zauna daidai inda idonsa zai sauka in ya buɗe. Ta jiƙa gefen tawul ta goge masa leɓe. Ta sa hannu a bayan kunnensa, ta taɓa tabon rezar nan.

"Auta. Ni ce. Na yi latti, ka yi haƙuri. Awaki ne suka riƙe ni, ka san halina."

Bai buɗe ido ba. Ta kama hannunsa ta riƙe, ta shiga ba shi labari ƙasa-ƙasa, kamar yadda take yi masa in zazzaɓi ya hana shi barci suna yara: gidan da suka tashi, rijiyar da ya taɓa jefa takalminsa a ciki, ranar da ya bi ta har makaranta tsirara. Can wajen labarin takalmin, yatsunsa suka motsa a cikin tafinta, suka ɗan matse. Nas ɗin da ke wucewa ta ce hakan yakan faru, ba lallai yana ji ba. Inna ta ce mata ta gode.

Ya cika washegari da hantsi, hannunsa a cikin nata.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a can. Ba ta kira gida ko sau ɗaya ba, abin da ya ba kowa mamaki, har ita kanta. Kafin ta taho, ɗan ƙanin ya rako ta tasha, ya ɗauki jakarta, ya ce ta yafe masa maganar da ya yi a waya. Ta ce babu abin yafewa, gaskiya ya faɗa.

Da ta iso, ta tarar da kafinta a bayan gidanta, hannun riga a naɗe, yana wanke bahon ruwa. Ya miƙe, ya yi mata ta'aziyya, ita da kanta, da bakinsa, cikakkiya. Ta amsa. Sannan ya ba da rahoto a tsaye, kamar mai mayar da kayan aro.

"Ja ta haihu ranar Juma'a. Biyu. Na farkon ya zo da baya, kafin in juya shi ya mutu. Ta biyun mace ce, ga ta can tana tsotso. Zomo ɗaya ya tona ƙasa ya gudu, ban same shi ba. Agwagwa tana nan wurina, ba ta ƙyanƙyashe ba tukuna. Dusa ta kusa ƙarewa. Lauya ta cinye min igiyar awo."

Inna ta zaga. Ta duba idon kowace akuya, ta taɓa ciki, ta leƙa akurki, ta durƙusa gaban 'yar jaririyar ta duba cibiyarta. Ta daɗe a durƙushe. Da ta miƙe ta ce, "Ɗan da ya mutu, ko ni ce nan ba lallai in cece shi ba."

"Na sani," in ji kafinta. Ya miƙa mata makulli ya fita ta ƙofar gida. Bayan minti uku aka ji zarto ya ci gaba a bayan katanga.

Kwanaki bayan haka mai wannan rubutu ya je ya same ta da yamma tana yanka ganye. Ya zauna ya karanta mata abin da ya rubuta, tun daga sarautun da ya naɗa mata har zuwa gado na biyar. Ba ta daina yanka ba. Da ya gama, ya gyara murya ya ce, "Inna, saura abu ɗaya, don masu karatu za su so su ji. Kwana biyun nan da kika tsaya. In da za a dawo da su, za ki sake tsayawa? Ki faɗi wata babbar magana da za a rufe da ita."

Inna ta tattara ganyen a daro, ta goge wuƙar a gefen zane.

"Na je, na same shi da rai, ya riƙe hannuna. Bai yi min magana ba, kuma ni na jawo. Sauran duk surutunka ne." Ta ɗauki daron ta miƙe. "Tashi min daga kan buhun nan, ka danne min harawa."